Yadda zaka fara tuƙa keken dutse a hanya mai duwatsu da saiwoyi ba tare da kana ta shan ƙasa ba

Duk wanda ya saba da keke a kan kwalta gani yake ya gama iya keke, sai ranar da ya shiga ƴar siririyar hanya a cikin daji ko a gefen tsauni, ga duwatsu sun yi cirko-cirko a gabansa, ga saiwar bishiya ta gitta hanya, ga gangara ta miƙe ƙasa kamar ba zata ƙare ba, toh a nan ne jiki yake sandarewa, hannu ya damƙe birki, ido ya kafe a kan dutsen da ake tsoro, kan ka ce me mutum yana ƙasa keken yana kansa. Na ga haka ta faru da mutane da yawa, ni ma ta faru dani, kuma abin da yake damuna shi ne da yawa daga ranar suke jingine keken su ce wannan wasan ba nasu bane, alhali abin da ya kayar dasu ba rashin ƙarfi bane ko rashin zuciya, kawai babu wanda ya taɓa nuna musu inda zasu ajiye nauyinsu.

Keken dutse an ƙera shi ne don ya haye abubuwan nan. Tayar tana da faɗi da gurzo, akwai shok a gaba wani ma har da baya, birkin yana da ƙarfi. In ka tura shi shi kaɗai a kan ƙananan duwatsu zaka ga ya haye abinsa. Yawancin lokaci mahayin ne yake hana shi aiki, saboda duk abin da tsoro yake umartarka ka yi a wurin nan, ka zauna, ka ƙanƙame hannu, ka kalli ƙasa, ka matse birki, shi ne daidai abin da zai kayar da kai. Don haka abin da zamu bi a nan shi ne yadda zaka sauya wa jikinka waɗannan ɗabi'un ɗaya bayan ɗaya.

Fara da keken tun kafin ka bar gida

Iskar taya ita ce ta farko, kuma ita ce sababbi suka fi yin kuskure a kanta. Mutum ya saba da cewa taya mai kyau ita ce wadda ta yi tauri kamar dutse, sai ya ɗura mata iska har 40 ko 50 a ma'aunin PSI, ya shiga daji keken ya yi ta tsalle-tsalle yana zamewa a kan kowace saiwa. Taya mai ɗan laushi tana lanƙwasa ta rungumi dutsen ta riƙe shi. In tayarka marar tiyub ce mai faɗin inci 2.3 ko 2.4 kuma nauyinka bai wuce kilo 70 zuwa 80 ba, fara da wajen 23 a gaba 26 a baya, in mai tiyub ce ka ƙara kaɗan zuwa wajen 28 ko 30 don kada dutse ya matse tiyub ɗin da rim, wato ƙarfen da tayar take zaune a kai, ya huda shi. Daga nan sai ka dinga ragewa ko ƙarawa da ɗaya-ɗaya. In ka ji rim yana dukan dutse, iskar ta yi kaɗan. Ka nemi famfo mai agogo, matsawa da yatsa baya gaya maka gaskiya.

Sai hannun birki. Ka sassauta shi ka matsar dashi ciki har ya zama yatsanka manuni ne kaɗai yake sauka a ƙarshen mariƙin birkin, sauran yatsun suna riƙe da hannun keken. Birkin faranti mai aiki da mai, wato mai kama farantin ƙarfen da ke tsakiyar taya, yana da ƙarfin da yatsa ɗaya ya ishe shi, in ka sa biyu ko uku ka rage riƙon da kake wa keken kuma zaka matse fiye da kima. Sannan don Allah ka tabbatar wane hannu ne birkin gaba, a Ingila dama ce, a Amurka da yawancin Turai hagu ce, in keken aro ne ko sabon saye kada ka ɗauka yadda ka saba yake.

Shok kuma ana saita shi ne da nauyin mai hawa. Ka hau da kayan da zaka fita dasu, wani ya riƙe maka keken, ka duba nawa shok ɗin ya nutse. Na baya ana so ya nutse kamar kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na tsawon tafiyarsa, na gaba kamar 15 zuwa 20. Galibi akwai ƴar zoben roba a jikinsa da take nuna maka.

Feda, ni dai shawarata ga mai farawa ita ce shimfiɗaɗɗiya mai ƴan ƙusoshi da takalmi mai shafaffen ƙasa na roba, ka bar irin wadda take maƙale takalmi sai nan gaba, saboda kana buƙatar sauke ƙafa da sauri a watannin farko kuma shimfiɗaɗɗiyar ce zata koya maka danna ƙafa yadda ya kamata. Hular kwano ba a maganar barinta. Safar hannu da kariyar gwiwa suma ka nema.

Tsayuwa, wadda komai ya rataya a kanta

In ka karanta wannan ɓangaren kaɗai ka yi aiki dashi ka ci rabin riba. Da zarar hanya ta fara rikicewa ko ta fara gangara, ka tashi daga sirdi. Ka sauke sirdin ƙasa tukuna, in kana da irin sandar sirdin nan da ake danna maɓalli ta sauka shikenan, in baka da ita ka tsaya ka kwance ka sauke da hannu, minti ɗaya ne, kuma ya fi maka sirdi ya dinga dukanka daga baya yana tura ka gaba.

Feda biyu su daidaita, ɗaya gaba ɗaya baya, babu wadda ta fi kusa da ƙasa. Kowa yana da ƙafar da ya fi jin daɗin sa ta a gaba, ka gano taka. Ka ɗan sauke dunduniya ƙasa, musamman ta ƙafar gaba, wannan shi ne yake sa in taya ta daki dutse ƙarfin ya tura ka cikin feda maimakon ya cilla ka gaba. Gwiwoyi a ɗan lanƙwashe kuma a buɗe, kada ka matse firam, wato gangar jikin keken, da cinyoyinka, keken yana buƙatar fili ya yi rawa hagu da dama a ƙarƙashinka. Ka karya jiki daga ƙugu, ƙirji ya sauko, haɓarka ta zo daidai saman inda hannun keken ya haɗu da wuyansa, gwiwar hannu a lanƙwashe tana kallon waje.

Yanzu ga gwajin da zai gaya maka ko ka tsaya daidai. Kana gangarawa a hankali a fili mai laushi, ka sassauta yatsunka har ka iya motsa su. In ka ji tafin hannunka yana danne da nauyi, ka yi gaba da yawa. In ka ji kana rataye kana jan hannun keken, ka yi baya da yawa. Inda zaka ji hannu babu nauyi ko kaɗan, duk nauyinka yana kan feda, nan ne tsakiyar keken kuma nan ne gidanka, duk abin da zaka yi daga nan zaka tashi kuma nan zaka dawo. Nauyi a ƙafa, hannu sakayau.

Dalilin lanƙwasa hannu da ƙafa shi ne su ne babban shok ɗinka. Shok ɗin keke yana tafiyar milimita 100 zuwa 150 ne a yawancin kekunan da masu farawa suke hawa, amma ƙafafunka da hannayenka suna iya miƙewa su lanƙwashe fiye da haka nesa ba kusa ba. In dutse ya taso ka bar keken ya zo wajenka, in rami ya zo ka tura keken cikinsa, kanka yana tafiya a layi ɗaya kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa baya so ya zube.

Akwai wata tsohuwar shawara da har yanzu take yawo, wai in zaka gangara ka koma can bayan sirdi ka miƙe hannu. Wannan ta zamanin kekuna masu gajeren firam ne da sirdin da baya sauka. A keken yanzu in ka yi haka tayar gaba ta rasa nauyi, bata riƙe ƙasa, baka iya juya ta, kuma hannunka ya riga ya miƙe don haka in tayar ta faɗa rami babu sauran abin da zai miƙe sai dai ta fizge ka gaba ɗaya. Ka yi ƙasa, ba baya ba.

Kafin ka kai kanka daji ka samu fili ka yi kwana biyu ko uku kana wannan kawai, ka tsaya, ka karkata keken dama da hagu jikinka yana tsaye, ka yi gaba ka yi baya ka dawo tsakiya, ka gwada tafiya a hankali iya yadda zaka iya ba tare da ka sauke ƙafa ba. Na san ba shi ne abin da ya ja ka sayen keken ba, amma wallahi awa biyu a fili ta fi fita goma da ake yi cikin fargaba.

Ido

Keke yana bin ido. In ka kalli dutse zaka dake shi, in ka kalli ramin gefen hanya can zaka nufa, ba camfi bane, kai yana juyawa inda ido yake, kafaɗa ta bi kai, hannu ya bi kafaɗa. Toh ka koyi kallon inda kake so tayarka ta bi, ƴar tazarar da ke tsakanin duwatsun, ka bar duwatsun su zauna a gefen ganinka.

Sannan ka ɗaga haɓa. Mai farawa yana kallon abin da ke gaban tayarsa, kuma abin da ya riga ya iso gaban taya ya wuce gyara. Ka dinga kallon inda zaka kai nan da daƙiƙa biyu ko uku, in gudu ya ƙaru ka ƙara nisan kallo, ka leƙo kusa ka sake komawa nesa. Wani abin mamaki shi ne da zarar ka ɗaga ido sai ka ji kamar gudun ya ragu, tsoron ma ya ragu, saboda abubuwa sun daina zuwar maka ba zato.

Birki

Mutane da yawa tun suna yara aka tsorata su da birkin gaba, aka ce shi ke wuntsila mutum, sai su girma basa taɓa shi. A gangara mafi yawan ƙarfin tsayawa yana wurin birkin gaba ne, domin in kana rage gudu nauyi yana komawa kan tayar gaba, ita ta baya sai ta yi sakayau, in ka matse ta ita kaɗai sai ta kulle ta yi ta jan ƙasa, gudun bai ragu ba ga hanya ka lalata wa na bayanka. Abin da yake wuntsila mutum shi ne fizgar birkin gaba lokaci ɗaya jiki bai shirya ba.

Ga yadda zaka koya. A fili, ka ɗauki ɗan gudu, ka tsaya a kan feda, ka ja birki biyun tare a hankali kamar mai matse lemo, matsi yana ƙaruwa sannu-sannu, a daidai lokacin kana sauke dunduniya kana ɗan tura ƙugu baya da ƙasa don ƙarfin tsayawar ya shiga ƙafafunka. Ka aje alama a ƙasa, ka gwada da na baya kaɗai ka ga inda ka tsaya, ka gwada da na gaba kaɗai, ka gwada da biyun. Idonka zai gane maka bambancin, daga ranar zaka daina gudun birkin gaba.

Abu na biyu kuma wanda ya fi wuya shi ne sanin inda ake birki da inda ake saki. Taya aiki ɗaya take iya yi da kyau a lokaci guda, ko ta rage gudu, ko ta juya, ko ta haye abu. Don haka ka yi birkinka a inda ƙasa take da riƙo kuma keken yana miƙe, da ka iso kan saiwa ko dutse ko tsakiyar kwana ka sassauta, ka wuce, ka sake kamawa. Faɗuwar da ta fi yi min ciwo a farkon koyona haka ta faru, na ga saiwa jiƙaƙƙiya na tsorata na matse birkin gaba tayar tana kanta, ban ma san lokacin da kafaɗata ta daki ƙasa ba, na yi makonni ban hau keke ba, kuma da na saki birkin na daƙiƙa ɗaya da na wuce lafiya.

Kada kuma ka riƙe birki tun daga saman doguwar gangara har ƙasa, yana zafi ƙarfinsa ya ragu, hannunka ma ya gaji. Wannan matsalar tun farkon wasan take. A tsaunukan Marin da ke Kalifoniya ta Amurka, inda aka fara tseren gangara a 1976 da tsofaffin kekuna masu birkin da ake kamawa da mayar da feda baya, zafin birki yana ƙone man da ke cikin cibiyar tayar baya har sai an sake cusa wani bayan an sauko, daga nan ma tseren ya samo sunansa Repack, wato sake cusawa a Turance. Birkin yau ya fi nasu nesa, amma har yanzu faranti yana zafin da zai ƙona ka, kada ka taɓa shi bayan gangara, kuma kada mai ko man sarƙa ya taɓa shi.

Kwana

Ka gama rage gudu kafin ka shiga. Ka shigo daga gefen waje don kwanar ta buɗe maka, ka juya kai ka kalli mafita tun baka kai tsakiya ba, har cibiyarka ka nuna ta inda zaka fita. Sai ka karkata keken, shi keken, jikinka ya fi shi tsayuwa, hannun ciki ya miƙe na waje ya lanƙwashe. Dalili kuwa manyan haƙoran taya suna gefe ne, an sa su can don kwana, in baka kwantar da keken ba basu taɓa ƙasa ba balle su riƙe ka.

A shimfiɗaɗɗiyar kwana mai tsakuwa ko ƙura ka sauke fedar waje ƙasa ka danna nauyinka a kanta, fedar ciki tana sama don kada ta daki ƙasa. A kwanar da aka gina mata bango kamar gefen kwano kuwa, feda a daidai, kai da keken ku kwanta tare, bangon ne zai riƙe ku. Kuma kada ka gudu baya a kwana, tayar gaba tana buƙatar nauyi, in ta baya ta zame sau da yawa ana gyarawa, in ta gaba ta zame sai ƙasa.

Ka jera duwatsu ƙanana ko robobin ruwa a fili ka yi ta zagaya su. Zaka lura ɓangare ɗaya ya fi maka sauƙi, kowa haka yake, ka ninka aiki a ɓangaren da ya fi wuya.

Duwatsu da saiwoyi

Nan ne sai ka yi faɗa da zuciyarka, domin ita tana cewa rage gudu, alhali gudu daidai gwargwado shi ne yake haye da kai. Taya mai tafiya a hankali sosai tana faɗawa kowane rami ta maƙale, kai kuma ka ci gaba ba tare da keken ba. Ba cewa nake ka shiga a guje ba, gudun da ya ɗan fi sassarfar mutum ya isa a yawancin ƙananan wurare, abin dai shi ne ka zaɓi gudunka kafin ka shiga, in ka shiga ka bar shi.

Ka zaɓi layi tun daga nesa. Sababbi suna son zagaye kowane dutse, sai su yi ta murɗa hannu gudu yana mutuwa, sau da yawa layin da ya miƙe ya bi ta kan duwatsu masu faɗin kai ya fi wanda yake lanƙwasa tsakaninsu sauƙi. Ka tuna tayar baya bata bin daidai sawun ta gaba a lanƙwasa, tana yanke ciki, kuma ka kula da na'urar canjin giya da ke rataye a dama ta baya, dutse yana saurin lanƙwasa ta.

Saiwa kuma ka tare ta kai tsaye, tayarka ta gitta ta kamar alamar tarawa, in ka zo mata a karkace musamman bayan ruwan sama zata kwashe tayar gefe. Babu birki a kanta, babu taka feda da ƙarfi a kanta. Kafin ka iso ka ɗan danna keken ƙasa da ƙafa, yayin da yake dawowa sama ka bi shi ka yi sakayau, sai ka ji tayoyin sun shafi saiwar kawai sun wuce. Wannan dannawa da sakin ita ce dabarar da zata yi maka aiki a wurare da yawa, har ƙarin gudu ake samu da ita ba tare da taka feda ba in ana dannawa a bayan kowane ɗan tudu.

Daga nan sai ɗaga tayar gaba. Ka aje sanda ko ɗan itace a fili, ka nufo shi, ka danna ƙirji ƙasa, sai ka tura ƙugu baya da sauri hannu ya miƙe, nauyin jikinka ne zai ɗago tayar ba ƙarfin damtse ba, yatsa yana kan birkin baya, in ka ji zaka kife ta baya ka taɓa shi tayar gaba zata sauka nan take. Da tayar gaba ta haye ka dawo gaba ka sassauta ƙafa don ta baya ta biyo. Ka fara da abin da bai fi kaurin hannu ba.

Yashi mai zurfi da laka nasu daban ne, nauyi ɗan baya kaɗan, giya mai sauƙi, ka ci gaba da taka feda, kada ka murɗa hannu da ƙarfi, ka bar tayar gaba ta ɗan yi yawonta.

Gangara mai tsayi da matakala

Ka iso bakinta a hankali, ƙirji ƙasa sosai, gwiwar hannu a lanƙwashe, domin lokacin da tayar gaba ta faɗa zaka buƙaci tsawon hannun nan ka tura keken ciki. Keken ne yake juyawa ƙasa a ƙarƙashinka, kai kana nan a kan feda, shi yasa a hoto zaka ga kamar mahayin ya koma baya alhali keken ne ya yi gaba. Birki biyu a hankali, kada ko ɗaya ta kulle, ido a ƙasan gangarar da abin da ke bayanta, da ka kai ƙasa ka dawo tsakiya ka shanye da ƙafa.

In matakala ce ta dutse, ka sauka ka gwada tura keken da hannu ka gani, in faranti mai haƙoran da ke jikin feda ko ƙasan firam ya taɓa bakin dutsen toh wannan ba ta gangarawa bace, sai an ɗaga gaba an sauka da tayoyi biyu, kuma wannan darasin wata rana ne ba na watan farko ba. Ka zagaye ta.

Hawa

Hawa mai duwatsu ya fi gajiyarwa amma faɗuwarsa da sauƙi. Ka maida sirdi sama. Ka canja giya kafin tudun ya kama ka, in ka canja kana danne da feda da ƙarfi sarƙa tana iya tsinkewa. Ka zauna, ka matso bakin sirdi, ƙirji ya sauko don kada gaba ta ɗaga, in ka miƙe tsaye a kan tsakuwa tayar baya zata yi ta juyawa a banza. Kada ka zaɓi giya mafi sauƙi duka, ɗaya ko biyu sama da ita ta fi ba ka ƙarfin haye dutse. In ka ga feda zata daki dutse, ka ɗan mayar da ita baya rabi ka sake dannawa maimakon cikakken zagaye.

Ranar da zaka shiga hanyar gaske

Wuraren da aka tanada don wannan wasan suna sa alamar launi, kore mafi sauƙi, shuɗi na biye, baƙi na ƙwararru, a Birtaniya da wasu wurare akwai ja tsakanin shuɗi da baƙi. Ka zauna a kore da shuɗi har sai sun fara gundurarka. Zagayen farko a kowace sabuwar hanya na kallo ne, a hankali. In ka iso wurin da ya tsaya maka a rai ka sauka, ka janye keken daga kan hanya don na baya, ka taka da ƙafa ka duba mashiga da mafita, ka kalli wanda ya fi ka yadda yake bi, sannan ka koma baya da nisa yadda zaka sami lokacin daidaita ƙafa kafin ka iso. In ka nufo sau uku kana fasawa ka bar shi sai wani zuwan, yana nan ba inda zai je, kuma tura keke ba abin kunya bane, waɗanda suka shekara ashirin suna hawa ma suna yi. Amma in ka yanke zaka shiga ka shiga gaba ɗaya, birkin tsoro a tsakiyar wuri ya fi komai kayar da mutane.

Abu ɗaya zaka dinga koya a kowace fita, yau dunduniya, gobe ido, jibi birki, in ka haɗa su duka babu wanda zai zauna. Ka fita da aboki, in kai kaɗai ne ka gaya wa wani inda ka nufa da lokacin dawowa, ka ɗauki ruwa da tiyub da famfo da ƴan makullai. A hanyar da ake bi ta ɓangare biyu mai gangarowa ne yake ba mai hawa hanya, masu tafiya a ƙafa da masu doki kuma kai zaka tsaya musu. In ka ji hannu ya fara sanyi birki yana kuɓuce maka ko ka fara kuskure a wuraren da ka wuce lafiya ɗazu, gajiya ce, ka tsaya a nan, zagayen da ake cewa bari in ƙara ɗaya na ƙarshe yana yawan ƙarewa da rauni.

Faɗuwa kuwa zata zo. In ta zo ka saki keken, kada ka miƙe hannu ka tokare ƙasa da tafi don nan ne wuyan hannu da ƙashin kafaɗa suke karyewa, ka dunƙule ka mirgina. Kada ka yi zumbur ka tashi, ka ɗan zauna ka ji jikinka, sannan ka duba keken, birki biyu suna kamawa, hannun yana miƙe da taya, tayoyin suna daram. In kanka ya bugu kana jin jiri ko tashin zuciya ko ka kasa tuna abin da ya faru, hawa ya ƙare na ranar, ka je likita ya duba ka. Hular kwanon da ta sha bugu mai ƙarfi kuma ka canja ta ko da baka ga tsaga a waje ba, soson da ke ciki bugu ɗaya aka yi shi ya shanye.